Ta asali ko kwafi: wace tsohuwar ƙirar fistol ta dace da mai farawa?

A watan Maris na 1911 rundunar sojan Amurka ta amince da wata ƙaramar bindiga da John Moses Browning ya zana, kamfanin Colt ya ƙera, aka sa mata suna M1911. Shekara 74 ta yi a ƙugun sojan Amurka kafin fistol ɗin kamfanin Beretta na Italiya ta gaje ta a 1985. Har gobe ana ƙera ta: a Amurka, a Trabzon ta Turkiyya, a ƙasar Filifin. Wanda ya shiga shagon bindigogi a Texas zai iya tarar da guda uku jere cikin gilashi ɗaya, siffarsu ɗaya, nauyinsu ɗaya, harsashinsu ɗaya. Ta farko sabuwa fil daga Turkiyya, ta biyu sabuwar Colt mai tambarin doki, ta uku tsohuwa ce da launinta ya koɗe, an buga mata hatimin gwamnatin Amurka tun zamanin Yaƙin Duniya na Biyu. Kuɗin ta ukun zai iya sayen ta farkon sau huɗu ko biyar. Mutumin da bai taɓa mallakar fistol ba, kuma ransa ya kwanta da irin wannan tsohuwar ƙira ta ƙarfe zalla, wacce zai ɗauka?

Wannan muhawara ce ta ƙasashen da doka ta bai wa farar hula damar riƙe fistol, musamman Amurka, sai wasu ƙasashen Turai irin su Jamhuriyar Cek. Ko a Amurkan, dillali mai lasisin tarayya ba ya sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, kuma sai an binciki tarihin mai saye, ban da ƙarin sharuɗɗan da kowace jiha ke gindayawa. Birtaniya ta haramta wa farar hula mafi yawan fistol a 1997, bayan kisan yara 'yan makaranta a Dunblane. A Najeriya kuwa, dokar bindigogi ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin rukunin makaman da aka haramta, waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa ake riƙe su. Don haka ga mai karatu a Kano ko Maraɗi, wannan ba shawarar sayayya ba ce. Darasi ne kan yadda ƙira guda ke rayuwa shekara ɗari, da yadda ake auna darajar suna da darajar aiki idan suka rabu.

Bindigogin da ake magana a kansu masu ɗura wa kansu harsashi ne. Idan aka ja kunama harsashi ya fita, ƙarfin bugun baya ne ke tura ɓangaren sama mai zamewa, wanda ake kira silaid, ya fizgo kwanson da aka harba ya jefar, ya ɗana guduma, wato ɗan ƙarfen baya da ke bugu don harsashi ya tashi, sannan sifirin ya dawo da shi gaba ya kwaso sabon harsashi daga magazin. Jan kunama ɗaya, harsashi ɗaya. Dabarar da Browning ya fito da ita, ta bututun da ke kulle da silaid na ɗan lokaci sannan ya sunkuya ya sake shi, ita ce har yanzu ke cikin mafi yawan fistol na zamani, har da Glock. Waɗanda ake kira na gargajiya su ne na kafin zuwan jikin roba: M1911, da Browning Hi-Power ta 1935, da Walther PP da PPK, da Makarov, da CZ 75, da Beretta 92, sai kakanninsu irin su Luger.

Mai farawa yakan zo da tunanin cewa akwai layi a shate: ga ta asali can, ga kwafi nan. Tarihin bindigogin bai yarda da wannan ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Colt ta kasa biyan buƙatar soja ita kaɗai, sai gwamnati ta raba kwangila. Kamfanin da ya fi kowa ƙera M1911A1 a yaƙin shi ne Remington Rand, mai yin keken rubutu, wanda ya fitar da kusan 900,000. Ithaca ya yi nasa, Union Switch & Signal mai yin kayan siginar jirgin ƙasa ya yi 55,000, Singer mai keken ɗinki ya yi 500 kacal. Babu wanda ke kiran waɗannan kwafi, kuma ta Singer ɗin nan yau ta fi kowace Colt ta zamaninta tsada, ana sayar da ita ɗaruruwan dubban daloli a gwanjo. Bayan 1945 sojan Amurka bai ƙara yin babbar sayayyar sabbi ba. Shekara arba'in aka yi ana mayar da tsoffin ma'ajiyar makamai, a wargaza su, a zuba sassan wuri guda, a sake haɗawa. Shi ya sa za ka ga gangar jiki, wato ɓangaren ƙasa mai mariƙi da kunama, ta Colt, silaid na Remington Rand, bututu kuma na wani ɗan kwangila daban. Soja ya riƙe ta, ta ga yaƙi, amma babu masana'anta guda da za ta ce ita ta haife ta a haka.

Labarin Walther ya ma fi wannan. Masana'antarsu ta Zella-Mehlis ta faɗa ɓangaren da Tarayyar Sobiyet ta mamaye bayan yaƙi, iyalin suka tsere yamma suka sake kafuwa a Ulm, a lokacin da aka hana Jamus ƙera makamai. Sai suka ba kamfanin Manurhin na Faransa lasisi a 1952. Shekaru da dama PP da PPK ɗin da duniya ke saye ƙirar Faransa ce, har ma waɗanda ake kaiwa Ulm a ƙarasa su a buga musu sunan Walther. Ita kuwa Hi-Power, Browning ya rasu a Beljiyam a 1926 bai gama ta ba, Dieudonné Saive na kamfanin FN a Herstal ne ya ƙarasa. Da Jamus ta mamaye Beljiyam a 1940, masana'antar ta ci gaba da ƙera ta wa sojojin Hitila, yayin da kamfanin John Inglis na Toronto a Kanada ya fara ƙera ta wa Sojojin Ƙawance daga 1944. Bindiga ɗaya, ɓangarorin yaƙi biyu. Daga baya Ajantina ta ƙera ta da lasisi a Rosario, Indiya ta ƙera tata a Ishapore, ita ma masana'antar DICON ta Kaduna ta ƙera ta.

To daga ina kwafin kasuwa ya fito? Mafi yawa daga ƙarewar wa'adin haƙƙin ƙirƙira. A Amurka ta wancan zamani shekara 17 doka ke kare sabuwar ƙira, don haka kariyar M1911 ta ƙare tun 1928, kuma daga nan ne ma Saive ya samu damar ɗaukar wasu dabarunta ya sa a Hi-Power. Wanda ke ƙera 1911 yau a Turkiyya ko Filifin bai saci komai ba, matuƙar bai buga sunan Colt a jikinta ba. CZ 75 kuwa nata labarin daban ne. 'Yan'uwa biyu, Josef da František Koucký, suka zana ta a Cekoslobakiya a 1975, amma gwamnatin gurguzu ta rufe rajistar ƙirar a matsayin sirrin ƙasa, ba a yi mata rajista a waje ba. Sakamakon haka kowa ya ɗiba: Tanfoglio a Italiya, Sphinx a Suwizalan, Jericho 941 a Isra'ila, Norinco a Sin, daga baya Sarsilmaz da Canik a Turkiyya. Taurus PT92 ta Burazil kuma daga masana'antar Beretta kanta ta fito, wadda Beretta ta gina a São Paulo don kwangilar sojan Burazil, sannan ta sayar wa Taurus a 1980 da injinanta da zanen ƙirarta da ma'aikatanta.

Idan aka tattara wannan duka, tambayar da ta fi amfani ga mai farawa ita ce: harbi zai yi da ita ko ajiya? A ganina nan ne gizo ke saƙa, kuma yawancin masu nadama a wannan harka sun tsallake tambayar ne. Tsohuwar bindiga ta asali darajoji biyu gare ta, darajar aiki da darajar tarihi, kuma duk lokacin da ka mori ta farkon kana rage ta biyun. Bindigar farko kuwa dole ta sha aiki. Da ita mutum zai koyi riƙo da saiti da jan kunama, zai harba dubban harsasai, zai kwance ta ya haɗa sau ba adadi, kuma zai yi duk kuskuren da mai koyo ke yi.

Ga misali ɗaya da duk mai 1911 ya sani. Idan ka kwance ta ka goge za ka mayar, akwai wani ɗan ƙarfe mai riƙe silaid da ake sokawa ta gefen hagu, wanda sai ya danne wani ɗan tsinke mai sifirin kafin ya zauna daram. Tsohon hannu yakan daidaita shi ya danna ciki kai tsaye. Mai koyo kuwa yakan ɗora shi a ƙasa ya murza shi sama, bakin ƙarfen ya karci jikin bindigar ya bar wani zane mai lanƙwasa kamar jinjirin wata, daidai saman kunama. Cikin daƙiƙa ɗaya ake yin sa, kuma ba ya gogewa. A jikin sabon kwafi irin na Tisas ta Turkiyya ko Rock Island Armory ta Filifin, tabo ne kawai da mai ita zai manta da shi bayan mako. A jikin Colt ta 1918 da ta tsira da launinta na asali, asarar ɗaruruwan daloli ce, kuma idan mai ita ya kai a sake mata launi don ya ɓoye tabon, ya ƙara asara a kan asara, domin masu tara tsoffin bindigogi sun fi son koɗaɗɗen launin asali a kan sabo mai sheƙi.

Bayan tabo akwai batun ƙarfe. Mutane suna da imanin cewa ƙarfen da ya fi na yanzu, kuma a wasu abubuwa gaskiya ne aikin hannun da ya fi kyau: gogewa, daidaiton sassa, baƙin launi mai zurfi da ba a cika samu yanzu ba. Amma kyan gani daban, tauri daban. Silaid na 1911 na farko-farko ba a gasa shi an taurara shi gaba ɗaya ba, na zamanin yaƙi na biyu ma wurare ƙalilan ake taurarawa, inda ya fi shan bugu. An yi su ne don sojan da watakila ba zai harba harsashi ɗari biyar ba a duk zamansa na soja. Mai zuwa filin harbi duk mako zai wuce wannan cikin 'yan watanni, kuma tsohon silaid yana iya tsagewa. Kwafin zamani daga masana'anta mai mutunci, da ƙarfen da aka auna da injin da kwamfuta ke sarrafawa, ya fi juriyar irin wannan aiki. Abin da ya faru da Hi-Power ma abin lura ne: a shekarun 1990 FN da kanta ta koma yin gangar jikin da ƙarfen zubi mai tauri don ta jure harsashi mafi ƙarfi, kuma waɗannan na baya-bayan sun fi na da ƙarko, duk da cewa masu ajiya sun fi ƙaunar na da.

Sai cikin bututu. Harsasan soja har zuwa farkon shekarun 1950 a Amurka, da ma bayan haka a ƙasashen gabashin Turai, suna barin wani gishiri a bututu bayan harbi, mai jan danshi. Sojan da bai wanke da ruwa ba ya bar tsatsa ta ci. Idan ka cire bututun tsohuwar bindiga ka ɗaga shi wajen haske ka leƙa, lafiyayye za ka ga yana ƙyalli, layukan da ke murɗa harsashi sun fito da kaifinsu. Wanda gishiri ya ci kuwa duhu-duhu ne, da ƙananan ramuka kamar zanzana. Ana iya sauya shi da sabo, amma daga ranar bindigar ta rage zama ta asali. A Luger abin ya kai maƙura: lambobi biyu na ƙarshe na lambar bindigar a buge suke a kan ƙananan sassa da yawa, kuma idan ɗaya ya karye aka sa wani, farashinta ya faɗi nan take ko da tana harbi lafiya lau. Ban ga hujjar da za ta sa Luger ta zama bindigar farko ga kowa ba.

Akwai kuma abubuwan da aka gyara cikin shekaru, waɗanda mai koyo ya fi kowa buƙata. Abin saiti na 1911 ta soja ɗan mitsitsi ne, sai mai kaifin ido. An tsara ta ne don harsashi mai zagayayyen kai, takan ƙi haɗiyar wasu nau'o'in na zamani. Tsohuwar Hi-Power tana da cizo: idan mai kaurin hannu ya riƙe ta sama sosai, gudumar kan matse fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni duk harbi, har ta fitar da jini, kuma mai koyon da ya sha wannan sau biyu zai fara runtse ido kafin ya ja kunama, ɗabi'ar da ke da wuyar bari. Tana kuma da wata dabara da ke hana harbi idan an cire magazin, wadda ke sa kunamarta nauyi da gurzo. Springfield ta Amurka ta cire wannan a SA-35, kwafin Hi-Power da ta fitar a 2021, ta gyara gudumar, ta ƙara girman abin saiti, ta mayar da magazin mai cin 15 maimakon 13. Batun tsaro ya fi duka: makarin da ke hana allura bugun harsashi idan bindiga ta faɗi ƙasa, Colt a 1983 ta sa shi, CZ ta sa shi a 75B, FN ta sa shi a Hi-Power ta ƙarshe-ƙarshe. Tokarev ta Sobiyet ba ta da makullin tsaro na hannu ko kaɗan a ƙirarta ta asali. Sai dai a nan dole a yi adalci, domin kwafin 1911 da yawa sun bi tsohon tsari ne ba su da wannan makari, don haka mai saye ya tambaya, kada ya ɗauka cewa sabunta ita ce tsaro.

Duk wannan ba ya nufin kowane kwafi abin saye ne. A 1915 Faransa tana tsakiyar yaƙi, tana ƙarancin fistol, ta ba wani kamfanin Sifen mai suna Gabilondo y Urresti kwangilar bindigar Ruby, wadda aka kwaikwayo daga ƙirar Browning ta 1903, dubu goma a wata. Buƙata ta ninka, kamfanin ya raba aikin ga ƙananan maƙera da dama a yankin Eibar. Kowa ya yi tasa da ma'auninsa. Aka wayi gari magazin ɗin wannan ba ya shiga ta wancan, har sai da aka riƙa buga haruffan maƙeri a gindin kowane magazin don soja ya gane nasa. Ƙasa da wannan kuma akwai jabu tsantsa, irin wanda ake yi da hannu a Darra Adam Khel kusa da Peshawar a Pakistan, inda ake kwaikwayon siffa da tambari da lambobi, amma babu mai iya gaya maka wane irin ƙarfe ne a ciki. Wannan ba araha ba ce, hatsari ne ga hannu da fuskar mai harbi.

Ma'aunin da na fi yarda da shi wajen tantance kwafi shi ne wanda kowane tela ya sani. Keken Butterfly na ƙasar Sin kwaikwayon tsohon kan Singer ne, amma allurarsa da ƙoshiyarsa da bobinsa duk ana samunsu a kowace kasuwa, kowane mai gyara ya san cikinsa, shi ya sa mutane suka ciyar da iyali da shi shekara da shekaru. Haka fistol take. Shin magazin ɗin ta asali yana shiga? Sifirin da ƙugiyar fizgo kwanso da sauran ƙananan sassa fa? Kube ɗaya suke shiga? Akwai kamfanin da ke shigo da ita ƙasar, mai adireshi, mai ba da garanti, wanda zai karɓe ta idan ta ƙi aiki? Kwafin 1911 na Tisas da Armscor (mai ƙera Rock Island Armory) da Springfield sun ci wannan jarrabawa, domin ma'aunin soja suka bi, kuma babu fistol a Amurka da ta kai 1911 yawan kayan gyara da masu gyara. Taurus PT92 bindiga ce mai aiki, wasu ma sun fi son makullinta da ke jikin ganga kamar Beretta ta farko, amma magazin ɗinta da na Beretta 92FS ba sa musanya. FEG ta Hangari ta yi kwafin Hi-Power na gaske, ta kuma yi P9R mai kama da ita a waje amma cikinta daban. Wani abin mamaki shi ne sabuwar High Power da FN ta fitar a 2022: suna na asali, kamfani na asali, amma sabuwar ƙira ce mai cin harsashi 17 wadda sassanta ba sa shiga tsohuwar. Girsan MC P35 ta Turkiyya ta fi ta kusa da bindigar 1935.

Saboda haka amsar tana sauyawa daga ƙira zuwa ƙira. Inda masana'antar asali ke ci gaba da aiki kuma farashinta bai yi nisa ba, ban ga dalilin zuwa wajen kwafi ba. CZ 75B har yanzu daga masana'antarta ta Uherský Brod a Jamhuriyar Cek take fitowa, Beretta 92FS ma tana nan sabuwa, kuma tazarar kuɗi tsakaninsu da masu kwaikwayonsu ba ta kai a sadaukar da garanti da sauƙin sake sayarwa ba. A Hi-Power, tunda FN ta daina ƙera tsohuwar ƙirar a wajajen 2018, farashin na Beljiyam ya tashi, kwafi mai kyau shi ne hanya ga mai son harbi. A 1911 kuwa kasuwar ta yi faɗin da kowane aljihu zai samu nasa. Sabuwar Colt tana nan ga mai son dokin a jikin silaid, ko da yake ita kanta Colt ɗin tun 2021 mallakar kamfanin CZ ce.

Masu goyon bayan ta asali suna da hujjoji biyu da ban raina ba. Na farko kuɗi: kwafi na rage daraja daga ranar da ya bar shago, tsohuwar Colt ko FN mai tsabta kuwa takan riƙe farashinta ko ta ƙaru, tunda ba a ƙara yin irinta. Wannan gaskiya ne, amma ga wanda ya iya saye. Kasuwar tsoffin bindigogi cike take da waɗanda aka sake wa launi aka ce na asali ne, da waɗanda aka buga wa hatimin ƙarya na wata runduna don farashi ya ninka, kuma mai farawa shi ne abincin irin waɗannan 'yan kasuwa. Sanin wane hatimi ya dace da wace shekara ilimi ne da ke ɗaukar lokaci. Hujja ta biyu ba ta kuɗi ba ce. Mutumin da kakansa ya riƙe 1911 a Normandi ko a Koriya, abin da yake nema ba ya cikin sabuwar bindiga komai kyanta. Ina girmama wannan sosai, kuma don ina girmama shi ne nake ganin bai dace a mayar da irin wannan abu allon koyo ba. Adadinsu ƙayyadadde ne, duk wadda aka lalata ta tafi ke nan.

Girman harsashi ma yana shiga lissafi, kodayake mutane kan manta da shi sai sun je biyan kuɗi. Harsashin .45 na 1911 nauyin kansa kusan giram 15 ne, na milimita 9 kuwa wajen giram 8, ya fi araha nesa ba kusa ba, bugunsa ya fi sauƙi, kuma ana samunsa ko'ina. Mai koyo da ke da kuɗi ƙayyadadde zai yi harbi mafi yawa da milimita 9, kuma yawan harbi ƙarƙashin malami shi ke koyar da hannu. Wannan ya sa CZ 75 da Hi-Power da Beretta 92 suka ɗan fi dacewa da farawa, ko kuma 1911 da aka ƙera ta kan milimita 9. PPK kyakkyawa ce a ido, amma ƙanƙantarta da irin tsarinta sun sa bugunta ya fi yadda mutum ke zato, silaid ɗinta kuma kan yanki bayan hannu. Rarar kuɗin da kwafi ya bari tana da wurin zuwa: harsashi, kuɗin malami, abin kare ido da kunne, da akwatin ƙarfe mai makulli, wanda a gidan da ke da yara ya zama wajibi tun kafin bindigar ta shigo.

Akwai hanya ta tsakiya da ta dace da wasu, wato rarar soja da 'yan sanda. Makarov ta Bulgeriya ko ta Jamus ta Gabas, tsoffin Hi-Power da suka fito daga Isra'ila, Beretta da 'yan sandan Italiya suka ajiye, duk na gaske ne, sun yi aiki, kuma sun riga sun sha tabon da wani sabo ba zai rage musu komai ba. Tun 2018 hukumar CMP mai koyar da farar hula harbi, da ke Anniston a jihar Alabama take sayar wa 'yan ƙasa tsoffin 1911 na soja, 8,000 a karon farko, akasarinsu irin masu gaurayen sassa da aka ambata. Dokar Amurka ma tana sa bindigar da ta kai shekara 50 cikin rukunin kayan tarihi, abin da ke sauƙaƙa cinikinta ga masu lasisin tarawa. Sai dai irin wannan ba ta da garanti, kuma ba ka san hannu nawa ta bi ba. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya kai ta wurin ƙwararren mai gyaran bindiga kafin ya sa mata harsashi ko ɗaya, a duba tsagewa a silaid da ganga, a gwada makullan tsaro, a tabbatar guduma ba ta bin silaid idan ya rufe. A sauya duk sifirin da sabbi, domin tsohon sifirin da ya saki shi ke barin ƙarfe ya riƙa dukan ƙarfe, a kuma tsaya kan harsashi mai matsakaicin ƙarfi, a guji masu ƙarin albarushi. Duk wani sashe da aka cire, ko da fatun mariƙi ne da suka tsage, a sa shi a leda a rubuta lambar bindigar a ajiye, saboda ranar da za a sayar da ita mai saye zai tambaye su, kuma zai biya ƙarin kuɗi a kansu.